Wayar Firintar Malam Muhammadu Lawal

A Gwiwa, ƙungiyar manoma da ta makiyaya ofis ɗaya suke zaune, labule ne kawai a tsakani, kuma zaman na lallaɓawa ne. Kowacce da akwatin intanet ɗinta, don babu mai yarda saƙonsa ya bi ta layin wani. Firinta kuwa ɗaya ce, tana kan teburin Malam Muhammadu Lawal, tsohon akawun da ke yi wa ɓangarorin biyu aiki.

Duk wanda ya turo takarda, sai Malam ya tashi ya zare wayar firinta daga wannan akwati ya soka a wancan. Shekara shida yana haka, kuma ni Sadiyya, sakatariyar manoma, na sha yi masa tsiya kan nawarsa. In takardar taki ce, kafin ka zauna ta fito. In kuwa ya jiyo ana ɗaga murya ana rubuta wasiƙa kan shanu sun shiga gero, sai ya dubi agogo ya ce, "A bari mu yi la'asar tukuna." Sau da yawa kafin a idar mai wasiƙar ya huce, ya ce a goge ta.

Bara Zaharadeen, ɗan shugabanmu, ya zo daga Kazaure ya haɗa firintar da layukan biyu gaba ɗaya. "Baba, kun huta da tashi," in ji shi. Malam ya ce, "Allah ya yi albarka." Ni na fi kowa murna.

Wata ranar kasuwa shugabanmu ya shigo a fusace, ya sa na rubuta wa hakimi wasiƙa, da zagi a ciki. Ina dannawa ta fito, ashe Arɗo Ahmad, shugaban makiyaya, yana tsaye gaban firinta yana jiran takardar rigakafin shanu. Ya ɗauka ya karanta har ƙarshe. Wata biyu makiyaya ba su taka ofishin ba. Hannuna ne ya danna, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Ranar da dattawa suka sasanta su, Arɗo abu ɗaya ya roƙa: "Malam, a mayar da wayar nan yadda take."

Yanzu in na turo takarda na ga Malam ya dubi agogo, butata nake ɗauka.