Gungumen Kirya a Ƙofar Gidanmu

Har yau in na je gida na ga gungumen nan a ƙofar zaure, sai raina ya ɓaci.

Kirya ce, ita kaɗai ta rage a gonarmu, can wajen Dawakin Tofa. Babanmu masassaƙi ne, kuma shekara da shekaru yana hana a taɓa ta, yana cewa turmin Inna ne. Tsohon turminta ya tsage har gindi, an ɗaure shi da waya, in tana dakan fura gari na zuba ta ƙasa.

Iskar farkon damina ta kayar da bishiyar, daidai lokacin da Baba ke kwance da ciwon ƙugu. Daga kan tabarma ya ce a kira abokin sana'arsa ya rarake ta cikin satin nan. Kirya tana ɗanya take karɓar gizago. In ta bushe, ƙarfe ma tsoronta yake.

Sai ga yayana daga Bacirawa, inda yake kafinta. Wai shi masanin katako.

"Haba Baba, wa yake aiki da ɗanyen itace? Tsagewa zai yi. A bari ya bushe, in ka warke ka yi wa Inna da hannunka."

Wannan "da hannunka" ita ta kashe bakin Baba. Na tanka, aka ce me mace ta sani a sassaƙa. Yaya ya sa aka jawo gungumen gida, ya yi masa rumfar kwano kamar wani babban baƙo, ya koma birni abinsa.

Sai da shekara ta zagayo Baba ya miƙe. Ya wasa gizagon da ya gada wurin mahaifinsa, ya yi bismillah. Saran farko ya dawo masa har kafaɗa. A na uku bakin gizagon ya ɓalle. Baba ya tsinci guntun ƙarfen, ya juya shi a tafin hannu, ya shige ɗaki. Bai ƙara sassaƙa ba har Allah ya karɓi ransa.

Da Sallar bara na tarar da Yaya zaune a kan gungumen, yana bubbuga shi da alfahari.

"Kin ga itace! Ko gara ba ta taɓa shi ba."

Daidai nan Inna ta fito da ƙwaryar gero a ka. Na ce, "Yaya, janye ƙafarka, Inna za ta wuce aron turmi."