Makullin Banɗakin Yaya Bitrus

Yau shekara shida ke nan da rasuwar Injiniya Bitrus, mutumin Filato, wanda na yi aiki a ƙarƙashinsa a wani ƙaramin kamfani a garin Greenbelt. Muna rubuta manhajar na'urar da ke ɗura wa majinyaci magani ta jijiya. Matarsa, Anti Saratu, nas ce, kuma da irin na'urar take aiki.

Sabon samfurin ƙwaƙwalwa biyu gare shi, suna aiki a lokaci guda. Ɗaya tana rubuta adadin magani a ma'ajiya, ɗaya tana karantawa ta tura famfon da ke ɗura maganin. Ni na saba da mai ƙwaƙwalwa ɗaya, inda ya isa ka hana komai katse ta har ta gama rubutu. Haka na yi, na manta hanin bai shafi ta biyun ba. Jefi-jefi sai ta karanci lamba rabi sabuwa rabi tsohuwa, famfo ya tura abin da ya wuce kima. Saura mako guda a kai na'urar asibiti muka gano.

Yaya Bitrus bai ɗaga murya ba. Ya ciro makullin banɗakin ofis, wanda guda ɗaya ne tal, ya ajiye a gabana.

"Ƙanena, ga darasinka. Ƙwaƙwalwar da ke riƙe da shi ta shiga ma'ajiya, ɗayar ta jira."

"To Yaya, in kulle aikin gaba ɗaya mana."

"Ka taɓa jiran wanda ya shiga banɗaki da jarida? Shiga, yi, fito, mayar da makulli."

Shi da kansa ya sa aka ɗage ranar kai na'urar. Ya ce wa shugabanni kuskurenmu ne, bai ambaci sunana ba. Ni kuwa ya ce mini, "Saratu ce za ta danna wannan maɓallin."

Yanzu na'urori sun ƙara yawan ƙwaƙwalwa, kwamfuta ma tana taya mu rubuta manhajar. Da Yaya Bitrus yana raye, ba na jin zai yi ƙorafi. Zai gyara tabarau ne ya tambaya: wa ke riƙe da makulli, kuma yaushe zai sake shi?

Watan jiya aka kwantar da Anti Saratu. Na je dubiya na tarar da na'urarmu a gefen gadonta. Ta ga ina kallon lambar, ta yi murmushi.

"Zauna, ɗana. Na duba, daidai take."

Na zauna, amma sai da na sake kallo.