Muryar Ƙasa a Sunan Jikan Abokina

Mantuwa ta fara cin kaina, har kwanan nan na nemi tabarau alhali yana bisa hancina. Amma yammacin da na yi waƙa da hannun kurma a ƙirjina, wannan kam sai dai a rufe ni da shi.

Ni ba mai karatu ba ne. Aji uku na yi, malamai suka huta da ni, na huta da su. Rayuwata ta ƙare a turin keken tsofaffi masu ɗawafi a nan ƙasa mai tsarki, ina ta ihun a ba da hanya, har muryata ta koma kamar ta injin jan ruwa. Ina da aboki tun muna yara a unguwar Nakkasa, kafin a rushe layinmu. Shi aikin fasa dutse ya yi da inji, wajen gina manyan masaukai, kuma injin ya tafi da kunnuwansa. In za ka yi masa magana sai ka tsaya gabansa ya kalli bakinka.

Ɗansa na fari, wanda muke ce wa Ustazu, malamin makaranta ne, mai son nashidi, wato waƙar addini da baki zalla, babu kiɗa. Da aka yi masa haihuwar namiji, sai ya same ni a unguwar Misfala ina shan shayi, ya durƙusa ya gaishe ni, ya miƙo mini waya.

"Baffa, saurari wannan."

Na kara a kunne. Yabon Manzon Allah ne, amma ba irin wanda na sani ba, inda ɗaya ke bayarwa sauran su amsa. Mutum huɗu ne, kowa da hanyarsa, wani sama wani ƙasa, kamar za su yi karo, sai kuma su haɗu wuri guda har tsigar jikina ta tashi. Na ce su wane ne waɗannan? Ya ce duk shi ne, ya ɗauki muryarsa sau huɗu ya ɗora. Shi ya tsara waƙar, kuma yana neman maza goma sha biyu su rera ta ranar walimar suna, wadda aka ɗaga da 'yan makonni.

"Ina so Baba ya ji ta," in ji shi. "Bai taɓa jin abin da nake yi ba."

Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni. Na ce, "Ustazu, mutumin da ko hon ɗin bas ba ya ji?" Ya ce in dai zan zo, ya san yadda zai yi. Na ce to faɗa mini. Ya ce, "Baffa, in na faɗa maka, kafin magariba duk Misfala ta sani." Ban musa ba.

Son sani ne ya kai ni, ba son waƙa ba. Muka riƙa haɗuwa bayan la'asar a gidansa da ke Aziziyya. Ya kasa mu huɗu, ya ba samari masu zaƙin murya baitoci masu daɗi, suna hawa suna sauka. Ni da wani direba mai ƙiba aka ajiye mu a baya, aka ce mu ne muryar ƙasa. Rabonmu shi ne mu ja kalma ɗaya har numfashi ya kusa ƙarewa, mu ɗan hau, mu ɗan sauka, mu sake ja. Na ce wa direban, "An gayyato mu nishi." Ya ce shi dai an ce akwai rago.

Abin ya tsaya mini a rai. Wata rana na yi shiru da gangan a tsakiyar waƙa, ina motsa baki kawai, na kuma zunguri direban ya yi haka, don in ga ko akwai wanda zai lura. Ba a yi nisa ba samarin suka fara tangaɗi kamar an janye musu tabarma. Ustazu ya sauke hannu, bai ko waiwayo ba.

"Baffa, Allah ya ba ka haƙuri, dawo."

Na dawo, amma na ƙulla wata a zuci. A ƙarshen waƙar akwai inda ake haurawa sama sosai, na haddace shi a ɓoye. Na ce ranar walima, gaban jama'a, nan zan bar nishi in haura, kowa ya san tsohon nan ma yana da murya. Yau in na tuna, kunya ce ke kama ni, mai furfura yana shirin yi wa jariri ƙwacen taro.

Ranar ta zo. Aka ci shinkafa da rago a wani gidan taro da aka kama, aka yi la'asar, muka jeru. Sai Ustazu ya kamo hannun mahaifinsa, ya ratsa da shi ta cikin sahu, ya zaunar da shi kan kujera dab da ni. Ya ɗaga tafin tsohon ya ɗora a ƙirjina, ya ce kada ya ɗauke. Abokina ya dube ni sama da ƙasa.

"Me za a yi, auna ka za a yi a sayar?"

Aka fara. Na ja kalmata ta farko, na ji hannunsa ya ɗan yi nauyi. Na ja ta biyu. A ta uku sai na lura da wani abu: kafin in hau, yatsansa ya riga ni dannawa, kafin in sauka ya sassauta. Mutumin da bai taɓa zuwa gwaji ba, waƙar da aka tsara wata biyu da suka wuce, ta yaya ya san inda zan nufa? Na kusa ɓata numfashi don mamaki.

Can sai ya buɗe baki. Kurma ba ya jin kansa, don haka da ƙarfi ya fito, a karkace, kuma da sauri fiye da namu. Da na ji shi da saurin nan, sai na gane. Salatin da mahaifiyarsa ke rerawa ne tana tuyar ƙosai a ƙofar gidansu a Nakkasa, wanda ta zo da shi daga ƙasarmu ta asali tun tana yarinya. Na ci ƙosan matar nan ya fi a ƙirga, rabinsa ma ba da saninta ba. Ashe shi nake ja duk makonnin nan. Yaron ya miƙar da shi ne ya yi tsawo, ya sa shi a ƙasa, ya gina sabuwar waƙarsa a kai.

Muka iso wurin haurawar da na haddace. Samari suka tashi sama, maƙogwarona ya yi ƙaiƙayi, ba zan ɓoye ba. Amma hannun yana nan a ƙirjina, in na haura babu abin da zai rage a ƙarƙashinsa. Na tsaya a ƙasa, na ja, na ja, har idona ya fara ganin taurari da rana.

Da aka gama, Ustazu ya zo ya durƙusa gaban mahaifinsa, ya buɗe baki a hankali don ya gani: "Baba, ka ji?"

Tsohon ya share fuska da gefen rawaninsa. Sannan ya ce, "Na ji Inna." Ya dafa kan ɗansa, ya sa masa albarka. Ya juyo gare ni ya ƙara da cewa, "Kai kuma muryarka tana nan da muninta. Allah ya bar maka ita."

Daga baya yaron ya gaya mini cewa sauti mai kauri ne kaɗai ya rage wa kunnen mahaifinsa, sauran kuma hannu zai ƙarasa, shi ya sa ya zagaye masu murya ya zo wurina. Tun ranar, in aka ba ni wuri a baya, ba na saurin cewa an raina ni. Nakan tsaya in riƙe abin da aka ba ni da kyau, don ban san wanda ya jingina da shi ba.