Hannun da Yaya Garba Ya Bari a Miƙe

Shekara arba'in da biyar ke nan da aka harbe yayana, Garba Mai Tuta, a kan hasumiyar sigina da ke bayan garin Talata Mafara, a hanyar da ta nufi madatsar Bakolori. Duk shekara nakan yi masa addu'a in ja bakina. Bana na ɗauki alƙalami ne domin an zo mini da maganar sare hasumiyar. Sayen tsofaffin ƙarafa ne sana'ata, da ita na yi gida, da ita na je Makka. Don haka mutumin da ya sayi filin da take ciki bai ɓata hanya ba da ya nufo ni. Shaguna yake son ginawa, ya ce in turo masu yankan ƙarfe. Na ce ya ba ni mako guda.

Yaran yanzu sukan tambayi abin da ya kawo kayan jirgin ƙasa garin da jirgi bai taɓa ratsawa ba. Asalinta a wajen Gusau take, a bakin layin dogon da ya tafi Ƙaura Namoda. Dogon ƙarfe ne mai tsani, da ɗan dandamali a sama inda mutum ɗaya zai tsaya, sai wani jan hannu na ƙarfe da ake sarrafawa da liba. In hannun ya miƙe, jirgi ya tsaya. In ya sunkuya, ya wuce. A kanta Yaya ya ƙarar da ƙuruciyarsa, har aka daina amfani da ita. Da aka fara aikin madatsa, tifofin dutse suka riƙa banke jakuna a mararrabar da hanyarsu ta yanke ta 'yan kasuwa. Wata ranar Talata suka take wata mata 'yar Bakura da goyonta. Sai masu aikin suka sayo hasumiyar suka kafa a wurin, suka nemo wanda ya san ta. Haka Yaya ya dawo gida, yana biye da ƙarfensa kamar makiyayin da ya bi saniyarsa gidan wanda ya saye ta.

Ba zan yi masa kwalliya don ya mutu ba, mutum ne mai zafin hannu. A makonsa na biyu wani direban tifa mai suna Bawa ya wuce alhali hannun yana miƙe. Yaya ya jira shi ya dawo, ya fizgo shi daga mota, ya yi ta zabga masa sandar tuta har haƙorinsa ya faɗo cikin ƙasa. Ya ce masa, “Wanga hannu ba nawa ba ne, na matar da kunka take ne. In ka sake wuce shi, sauran haƙoranka na nan.” Daga ranar ko babu kowa a mararraba, tifa takan ja burki in ta hangi ja.

Sauran labarin shekarun nan duk mutumin Mafara da Bakura da Maradun ya san shi. Ruwa ya ci gonar mahaifinmu. Na ga katafila ta shiga dawa tana tsaye ta kwantar da ita, mai gonar yana gefe da hannu a ka. Aka yi ta cewa diyya na tafe, damina ta zo ta wuce. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Manoma suka jawo itatuwa da duwatsu suka tare hanyoyin madatsa, shinge ɗaya kuwa a gindin hasumiyar Yaya aka yi shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya: ni ba jarunta ta kai ni wurin ba. Na ga taro ne, taro kuma yana cin goro, sai na kafa faifaina.

Da hantsi labari ya iso cewa motoci sun taso. Na je gindin tsani na ɗaga kai.

“Yaya, ka sauko. Waɗanga ba tifofi ba ne.”

“Mota dai ce ko? Tana da burki?”

“Tana da bindigogi.”

Ya yi dariya. “Sani, kai dai awon goro ka sani. Shekara nawa nika tsaida jirgi da ƙyallen ga? Tahi ka yi cinikinka.”

Na ce masa sabo turken wawa. Maganata ta ƙarshe da shi ke nan, kuma ba ranar da ba ta dawo mini.

Motocin suka ɓullo a guje, cike da masu kaki. Yaya ya miƙar da hannun, ya tsaya kan dandamali yana kaɗa jar tutarsa da hannu biyu. A saninsa ja na nufin akwai rai a kan hanya, kuma duk mai hankali ya san haka. Su kuwa na cikin mota sun ɗauka ɗan leƙen asirin manoma ne yake ba da alamar a far musu. Sai ga motar farko ta ja wani irin burki, ta karkace ta toshe hanya, na baya suka cushe a bayanta. Mutane suka watse cikin karan dawa da magudanan ruwa. Ni na zubar da goro na faɗa kwalbati.

Daga nan na ga komai. Bindigogin farko saman hasumiya suka nufa. Harsashi ya sami Yaya a cinya, ya durƙusa bai saki tutar ba. Na biyu ya shiga ƙirjinsa, ya kife a kan ƙarfen dandamali, jini yana bin tsani mataki mataki. Sannan suka sauko suka juyo kan shinge. Barkonon tsohuwa ya rufe wuri. Wani dattijo ɗan Janbako da ƙafarsa ta hana shi gudu, a kan buzunsa aka harbe shi. Wani ya ɗaga hannuwa yana salati, aka fasa masa kai da gindin bindiga. Aka cinna wa rumfuna wuta, aka bi waɗanda suka makara har cikin gonaki. Ban san adadin waɗanda suka mutu ba, kuma ba zan ƙirƙira ba. Na dai ga ana loda mutane a mota kamar buhunan albasa. Yaya bai shiga lodin ba don ba wanda ya ga amfanin hawa tsani. Washegari da igiyar rijiya muka sauko da shi, sai da muka ɓamɓare yatsunsa daga sandar tuta.

Na daɗe ina ganin mutuwar banza ya yi. Bayan shekaru masu yawa wani tsoho mai karkataccen muƙamuƙi ya shigo wurin aikina zai sayar da tsohon injin mota. Da ya buɗe baki na ga giɓin, na gane Bawa. Ashe shi aka ɗauko a ranar ya tuƙa motar farko da bindiga a ƙeyarsa, don ya san hanya. Ya ce, “Wallahi Alhaji, an ce mini in bi ta kan shinge da mutanen da ke kai. Ni ban yi niyyar tsayawa ba. Na ga hannun Garba miƙe, ƙahwata ta taka da kanta.” A nan cikin motar suka karya masa muƙamuƙi. Sabon da na zagi Yaya da shi, shi ya ba ni lokacin shiga kwalbati, ni da duk wanda ya kai karan dawa.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, to ni barar ma ban ji daɗinta ba. Magudanan da aka kashe mutane a kansu da yawa yashi ya cike su. Hanyar Janbako kuwa sai ka yi addu'a kafin ka hau, don masu bindiga a kan babura ba ja ba kore a wurinsu. Na san ba zai yi dogon bayani ba. Tambaya ɗaya zai yi, “Wa ke bisa?” In aka ce babu kowa, sai ya nemi tsani.

Cikin makon da na roƙa na je na duba hasumiyar da idon sana'a. Ƙarfe ne na da, mai nauyi, irin wanda ba a samu yanzu, riba ce tsagwaronta. Fentin ya ƙoƙe, wayar liba ta daɗe da tsinkewa, amma hannun yana nan a miƙe. Yaya ya taɓa gaya mini haka aka ƙera shi: in waya ta tsinke ko mai aiki ya faɗi, nauyin da ke bayansa zai riƙe shi a kan “tsaya”.

Na koma wurin mai filin na ba shi filina na bakin kasuwa a madadin nasa. Ya dube ni ya ce, “Alhaji, kai da ba a cuta, yau ka cuci kanka.” Gaskiya ya faɗa, ban taɓa faɗuwa a ciniki irin wannan ba. Amma Bawa da bindiga a ƙeyarsa bai iya wuce hannun nan ba, ni wane ne da zan kai masa wuta? Allah ya jiƙan Yaya Garba da duk waɗanda suka kwanta a mararrabar nan. Wanda hanya ta biyo da shi ta wurin, in ya ɗaga kai ya ga hannun, ya ɗan tsaya.