Bidiyona Mai Tsalle

Bayan rasuwar mai ɗakina, gidanmu na Wurno ya yi mini yawa. Na zauna Yamai, na zauna Kumasi, na yi shekaru a Jidda ina aikin tafinta, amma ban taɓa jin shiru irin na tsakar gidan nan bayan la'asar ba. Ɗiyata tana aure a ƙasar waje. Da ta zo ta'aziyya tare da 'yarta, sai suka bar mini ƙaramar kwamfuta, da wani wasa a cikinta wanda ake gine-gine da noma.

Jikar tawa Hausarta ba ta da ƙarfi. In na kira ta a waya, muna gama gaisuwa sai magana ta ƙare. Wasan nan ne ya ba mu abin faɗi. Kafin su koma ta nuna mini yadda zan ɗauki bidiyon abin da nake yi a allon kwamfutar, da muryata a kai, in aika mata. Sai na shiga gina mata fadamarmu ta wajen Magarya yadda na san ta kafin a yi dam ɗin Goronyo, lokacin da gulbi ke malala inda ya ga dama. Daga baya na ja magudanan ruwa, na shuka albasa da shinkafa, ina yi ina ba ta labari.

Matsalar ita ce, ina cikin wasa komai sumul, amma bidiyon da ke fitowa sai ya riƙa katsewa. Ka gan ni bakin rijiya, kwatsam ka gan ni tsakiyar albasa. Murya na gaba, hoto na biye da ita yana ɗingishi.

Ta kira ni ta ce, "Kaka, bidiyonka tsalle yake kamar kwaɗo. Har kaina ya yi ciwo."

Na ce, "Ke 'yar birni, mi kika sani game da kwaɗo? Idonki ne ke rawa."

"Tsoho, kwamfutar ce ta tsufa a hannunka!"

Muka yi dariya. Amma waɗanda na aika bayan wannan, ba ta buɗe su ba. Kullum sai na duba waya, in tarar suna nan yadda na tura su. Na san in ta saba da rashin kallo, mun koma gaisuwa da shiru.

Na zauna na karanta abin da masu irin wannan matsala suka rubuta, wasu da Turanci, wasu da Faransanci. Na gane cewa bidiyo hotuna ne jere da juna, kuma in na'ura ta kasa ɗaukar su duka sai ta zubar da wasu a hanya. Manomin rani ba ya bukatar dogon bayani a nan. In ka saki ruwan da ya fi ƙarfin magudana, rabinsa a gefen hanya zai ƙare. Sai na rage hotunan daga sittin a daƙiƙa zuwa talatin, na rage girmansu, na rufe duk abin da ke buɗe ban da wasan. Na kuma daina ɗauka a kan batir, sai da hantsi, in sola ta yi ƙarfi, da caja a jone.

Abu ya yi sauƙi, amma a farko kawai. In na ɗan jima sai tsallen ya dawo, fankar cikin kwamfutar tana gurnani. Wata rana na ɗora tafin hannuna a kai, na ji ta da zafi kamar marfin tukunya.

Mai ɗakina ba ta taɓa yarda a ajiye abu mai daraja a kan dandaryar ƙasa ba. Rediyo da keken ɗinki kowanne da rigarsa. A Jidda a ɗakin sanyi suke sa injuna, a Kumasi na ga rediyo tsirara a kan kanta, amma mu a nan sutura muke yi wa kaya. Shi ya sa tun ranar farko na ɗora kwamfutar a kan matashin fata, na shimfiɗa mata ƙyallen da marigayiyar ta yi wa aikin zare da hannunta. Da na kifa ta, sai ga 'yan ramukan da take shan iska, duk ƙyallen ya toshe su.

Na daɗe kafin in janye shi. Na ɗora ta a kan tebur, na tokare ta da guntayen katako biyu, iska na bi ta ƙasa. Ƙyallen kuwa na ninke shi na aza a cinyata. Na ɗauki bidiyo tun daga bakin rijiya har ƙarshen gona, hoto ko ɗaya bai zube ba.

Na tura, na rubuta mata: kwaɗo ya mutu.

Sai bayan kwanaki ta buɗe. Saƙon murya ta aiko, gajere. "Kaka, ya daina. Na kalla duka. Amma ɗakin nan na kusa da rijiya, mai ƙofa a rufe, na wa ne?"

Na kakarta ne, na gina shi a cikin wasan, kuma ban taɓa shiga da ita ciki ba. Na saurari saƙon, na sake saurara. Fankar ta yi shiru, gidan ma haka. Na gyara zama, ƙyallen yana cinyata, na kunna ɗaukar bidiyo, na nufi ƙofar a cikin wasan.