Malama Tak da Kazar da Muka Cinye

Shekara talatin da ɗaya ke nan jirgin ruwan safe yana kawo Malama Tak Sun-ok tsibirinmu, sai dai ranar da iska ta hana shi tasowa. Takan sauko da gorar shayin sha'ir a hannu, ɗaya hannun kuma riƙe da leda: yau wani ƙwaro mai ƙaho, gobe kan kifi da ba a san sunansa ba. Ni mai ɗinkin ragar kamun kifi ne a bakin tasha, karatuna bai wuce aji biyar ba, amma ledar nan kullum sai na leƙa ta. Ƙarshen watan nan za ta ajiye koyar da ilimin halittu a sakandarenmu, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Jikata Ye-rin ce ta ƙwallafa rai sai ta karanci ilimin ƙwaƙwalwa da ɗabi'a a jami'a, wato yadda abin da ke cikin kai yake sa mutum ko dabba yin abin da yake yi. Na daɗe ina son sanin wannan, musamman game da kaguwa, da kuma matata Mal-sun. To, jami'ar ba maki kaɗai take dubawa ba. Tana so ta ga a takardar makaranta cewa ɗalibi ya yi bincike da kansa a kan halin wata dabba, malami ya gani ya sa hannu, kafin a rufe takardun a ƙarshen watan Agusta. 'Ya'yan birni suna da fararen ɓeraye a ɗakin gwaji. Mu ko ɗakin babu.

"Kuna da kaji a gida?" in ji Malama.

Aka ware guda biyu. Ɗaya, wadda Ye-rin ta sa wa suna Farfesa, ana ajiye mata kwano uku a rufe, ja da fari da shuɗi, in ta caki murfin ja a buɗe mata ta ci shinkafa. Ɗayar kuma Malama ta ce kada a koya mata komai, a bar ta don gwadawa daga baya. Muka kulle ta a kejin da ke gefe, muna kiranta 'Yar Kallo. Kwana arba'in Malama tana biyowa gidanmu bayan an tashi, ta tsuguna cikin kashin kaji da takalminta na makaranta, tana duba abin da yarinyar ta rubuta. Farfesa ta ƙware, ta kuma yi ƙiba.

Sai ranar tsananin zafi ta zo, ranar da kowane gida yake dafa kaza da wata saiwar magani da ake kira ginsin don a sami ƙarfi. Mal-sun ta dubi jikarta ta ga karatu ya ramar da ita, ta shiga akurki ta zaɓi wadda ta fi tsoka. Ban ɓoye ba, kwano biyu na sha.

"Kaka, wace kaza ce wannan?" in ji Ye-rin, cokali a hannu.

"Mai ƙibar nan mana. Ci ki ƙara, duk karatun da ta yi yana cikin romon."

Saura kwana tara a rufe takardu, ga shi ba a yi gwajin ƙarshe ba. Ye-rin ta kifa kai tana kuka. Da Malama ta iso, Mal-sun ta tare ta a ƙofa, ta yi ƙasa da murya.

"Malama, ki rubuta kawai cewa ta ci gwajin. Wa zai je ya tambayi kaza?"

"Iya, ban taɓa sa hannu a kan abin da ban gani ba. Ye-rin, share fuska, ɗauko mini ɗayar."

Aka fito da 'Yar Kallo. Ta karkata kai, ta dubi kwanonin, ta tafi kai tsaye ta caki ja. Aka sauya musu wuri, ta sake bin ja. Sau ashirin, ta dace sau goma sha bakwai. Malama ta zauna daɓas a ƙasa.

"Laifina ne da na bar kejin a gefe," ta ce, tana dariya har da hawaye. "Wannan baiwar Allah kwana arba'in tana satar karatu!"

Kwanakin da suka rage, ita da Ye-rin suka bi gida gida suna aron kajin maƙwabta waɗanda ba su taɓa ganin kwanonin ba. Duk caka suke yi barkatai. Aka rubuta bincike a kan yadda kaza take koyo da kallo, har da yadda aka yi kuskuren keji, aka miƙa ana gobe za a rufe. A wurin ganawar ɗaukar ɗalibai, malaman jami'a suka tambayi Ye-rin inda kaza ta farko take. Ta ce, "Kakata ta dafa ta." Ta ce mini wani mai furfura a cikinsu ya yi dariya har sai da ya cire tabarau. Yanzu tana shekara ta uku, tana aiki da fararen ɓeraye, ta kuma ce kada kakarta ta kuskura ta kawo mata ziyara ɗakin gwaji.

Malama, ke ce uwar masu tambaya. Ke ce kika ƙi yin ƙarya a madadin kaza, ranar da ƙaryar ta fi komai sauƙi. Mun gode, ni da Ye-rin, har da Mal-sun, wadda har yau take cewa romon ne ya yi aiki.

'Yar Kallo tana nan da ranta, ta tsufa, babu mai taɓa ta ko zafi ya kai ina. Nakan zauna ina dubanta ina tunanin malamai matasa da za su hau jirgin safe bayan Malama, da mu mutanen tsibirin nan. Kaza kwana arba'in ta yi a gefe ta gane kwanon da ya dace. Mu shekara talatin da ɗaya muka yi muna kallon matar nan. Kada mu bari kaza ta fi mu.