Jirgin Talata da Takardun da Na Ƙona

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai yayana Sule makwancinsa a Ƙaraye. A shekarun baya, idan lokacin ya zagayo, da murmushi nake tuna shi, don mutum ne mai barkwanci. Bana tunawar ta zo min da nauyi. Akwai wata baiwar Allah mai suna Hajara, ta doshi shekara sittin, wadda wata na huɗu ke nan tana zaune a gidan ƙanenta a Rogo Ruma. Ba sakinta aka yi ba, ba kuma yaji ta yi ba. Ni da wani allon talla muka taru muka raba ta da ɗakinta, kuma kasona a laifin ya fi na allon.

Yaya Sule ya yi kusan duk rayuwarsa ta aiki a filin jirgin sama, a ƙarƙashin wani kamfanin jirgi na ƙasar waje. Ba babban ma'aikaci ba ne. Shi ke ɗora jakunkuna kan sikeli, ya liƙa musu takarda, ya tura. Jirgin nasu sau ɗaya yake zuwa a mako, ran Talata bayan azahar, ya kwashi mutane ya miƙa gabas, ya yi ta tafiya har ya sauka a ƙasar Larabawa mai nisa. Ban da jiragen alhazai da ke zuwa shekara shekara, shi ne kaɗai hanyar da mutanenmu suka sani. Ba wanda ya damu da sunan kamfanin. Daga Kurugu har Ruwan Bago, jirgin Talata ake ce masa, shi kuma yayana ya zama Sule Na-Talata.

A lokacin samarinmu da yawa sun tafi can neman abin kai, wasu ɗinki, wasu kiwo, wasu tuƙi. Babu waya a hannun kowa. Duk ranar Juma'a, idan Yaya ya zo gida, sai ka ga zaurenmu ya cika da tsofaffi. Wannan ta kawo ƙullin daddawa, waccan kuka da yaji, wani ya kawo kaset da ya yi wa ɗansa magana a ciki. Yaya ya rubuta sunaye, ran Talata ya roƙi fasinjoji su taimaka. Idan jirgin ya dawo kuma, shi ke kawo amsa. Yakan yi tsokana ya ce warin daddawar Ƙaraye ya riga shi zuwa ƙasar waje, shi ko matakalar jirgi bai taɓa takawa ba.

Ba duka saƙon ke da daɗi ba. Wata Talata wani fasinja ya miƙa masa ambulan, ya ce na mutanen Ruwan Bago ne. A ciki akwai takarda mai hatimi, rubutun Larabci, tana shaida cewa Garba tela ya rasu a asibiti an kuma binne shi a can. Garban nan shi ne mijin Hajara na farko. Yaya bai jira Juma'a ba. Ya ɗauki takardar ya kai wa limamin garin na wancan lokaci, liman ya karanta, ya tabbatar, aka yi zaman makoki, Hajara ta shiga takaba. Mahaifiyar Garba ce ta ƙi yarda. Ta ce ba ta ga gawa ba, kuma takardar nan ba za ta kwana a gidanta ba. Hajara ba ta da inda za ta adana ta, sai ta roƙi Yaya ya ajiye mata. Bayan ta fita takaba da wani lokaci, Malam Iro, manomi a nan Ruwan Bago, ya aure ta. Sun haifi 'ya'ya huɗu, sun ga jikoki.

Mahaifiyar Garba ta rasu tana jiran ɗanta. Ƙanen Garba, Haladu, shi ya gaji wannan ciwon. Shekara da shekaru bai ce uffan ba, domin a yankinmu idan Sule Na-Talata ya ce ya gani, magana ta ƙare.

Da Yaya ya rasu, ni aka ɗora wa gyaran ɗakinsa. Muka ba da tufafinsa sadaka kamar yadda aka saba. A ƙarƙashin gado na tarar da akwatin ƙarfe cike da takardu: tsofaffin tikiti, takardun liƙawa a jaka, wasiƙun da masu su suka mutu kafin su iso. Kusan kowacce da rubutun Larabci a jikinta, gara kuma ta fara taɓa su. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san yadda muke da wannan rubutu. Ko a kwalin sabulu muka gan shi a ƙasa, sai mun duƙa mun ɗauke, kada a taka sunan Allah. Na yi tunanin yadda takardun za su watse, a naɗe ƙosai da su, awaki su tattaka. Ban tsaya duba su ɗaya bayan ɗaya ba, don ni karatun Alƙur'ani na iya, ban jin Larabcin ofis. Na kai su bayan gida na ƙona, na haƙa rami a inda ƙafa ba ta bi na binne tokar. Na wanke hannu ina jin na samu lada. Ni ne fa wanda ya yi shekara talatin yana koyarwa a firamare, yana dukan yara a kan yaga littafi.

Da bazarar bana filin jirgin ya fito da wani gagarumin talla. An kafa alluna, an buga ƙasida mai sheƙi, rediyo na ta maimaitawa safe da yamma. Wai a karon farko za a fara tashi daga nan kai tsaye zuwa ƙasashen Larabawa na nesa, da wani sabon kamfani. A jikin allon an zana taswira da jajayen layuka, kowane layi da sunan jirginsa. Na duba sama na duba ƙasa, babu jirgin Talata. Da farko haushi kawai na ji, irin na tsoho da aka wuce ba a gaishe shi ba. Ban san abin zai kai inda ya kai ba.

Haladu ya ji tallar a rediyo, 'ya'yansa suka nuna masa hoton allon a waya. Ran kasuwa ya tsaya a bainar jama'a ya ce to ga shi hukuma da kanta ta faɗa, ba a taɓa yin jirgi zuwa can ba sai yanzu, to ta wane jirgi takardar mutuwar ɗan'uwansa ta zo? Dattawa suka ce masa ya ji tsoron Allah, su da idonsu sun kai daddawa zauren Sule. Amma dattawan nan kaɗan suka rage, kuma matasa sun fi gaskata abin da aka buga da launi. Kafin mako ya zagayo, magana ta canja kama. Wai Garba na raye aka aurar da matarsa. Wai aure kan aure aka yi. Aka fara yi wa 'ya'yan Hajara wani irin kallo a masallaci da wajen biki.

Limamin yanzu ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya ce a shari'a auren nan yana nan daram, ko da takarda ko babu. Sai dai Malam Iro mutum ne mai tsantseni har ya yi yawa, irin wanda zai sake alwala sau uku saboda kokwanto. Ya daina cin tuwon gidan. Daga baya ya ce wa Hajara ta ɗan je wajen ƙanenta har a ga takardar, hankalin kowa ya kwanta. Ita kuwa ba ta damu ba, don ta san inda ta ba da ajiya. Ta aiko a ce min in duba kayan marigayi.

Na tuna tokar da na binne. Na shiga mota na tafi filin jirgin, na kuma zaɓi ranar Talata da gangan. Bayan yawo daga wannan ofis zuwa wancan, aka haɗa ni da wani matashi a sashen yaɗa labarai. Yaro ne mai ladabi, ya ba ni kujera, muka gaisa sosai. Na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Muna cikin magana sai ga ƙarar jirgi, na leƙa ta taga, ga jirgin Talata nan yana sauka, fentin ya canja amma alamar wutsiyar tana nan yadda na san ta a jikin rigar Yaya. Na nuna masa.

"Ɗana, wancan fa? Tun ba a haife ka ba yake zuwa nan."

Ya yi ɗan murmushin kunya ya ce, "Wallahi Baba mantawa aka yi. Jirgin 'yan kasuwa ne da masu zuwa aikatau, ba ya cikin hotunan da aka ba mu. In za a sake bugawa, in sha Allahu za a gyara."

Na tambaye shi ko zai rubuta min a takarda cewa jirgin ya daɗe yana zuwa. Ya ce wannan sai shugabansa, shugaban kuma ya yi tafiya. A ofishin kamfanin ma ban samu komai ba. Wakilansu sun canja hannu sau da yawa, ba wanda ya taɓa jin sunan Sule. Har yau allon yana nan yadda yake.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga wannan zamani. Batun allon, na san dariya zai yi. Bai taɓa neman a san shi ba, kuma ya sha faɗa cewa jirgin talakawa ba ya shiga hoto. Wayar da ta kashe sana'ar kaset ma zai yi murna da ita, don ya ga uwayen da suka mutu da kewar muryar 'ya'yansu. Abin da ba zai gane ba shi ne yadda rubutun wanda ba a sani ba ya rinjayi shaidar mutumin da aka yi shekara arba'in ana sallah sahu ɗaya da shi. Ni kuma ba zai yi min faɗa ba, ba halinsa ba ne. Zai dai tambaye ni ko na buɗe takardun kafin in kunna ashana, kuma wannan tambayar ce ke hana ni sukuni.

Da na dawo na wuce Ruwan Bago na faɗa wa Malam Iro gaskiya, cewa jirgin yana nan na gan shi, takardar kuma na ƙona ta da hannuna. Ya rame ƙwarai, kuma na ga alama ya fi kowa son a fitar da shi daga wannan rami.

"Malam," in ji shi, "ka ce min ka gan ta a cikin akwatin, ka karanta sunan Garba da idonka. Ka rantse min kawai, yau ɗin nan in je in ɗauko ta."

Kalma biyu ce, kuma na yi imani takardar tana cikin abin da na ƙona. Amma ban gan ta ba, ban karanta ba. Abin da ya sa garin nan ya yarda da yayana tsawon rayuwarsa shi ne bai taɓa cewa ya ga abin da bai gani ba, ko a kan nauyin jaka ne. Takardunsa sun zama toka, sunansa babu shi a ofis, jirginsa babu shi a allo. Wannan hali kaɗai ya rage daga gare shi, kuma a gidanmu ya bar shi. Na ce wa Malam Iro ba zan iya ba.

Idan a cikin masu karatu akwai wanda ya yi zama a can, ya san Garba tela na Ruwan Bago, ya halarci jana'izarsa ko ya ji daga wanda ya halarta, don Allah ya nemi limamin garin. Ba ni da wata dabara da ta wuce wannan.

Daga gidan Malam Iro na wuce Rogo Ruma. Na sami Hajara a tsakar gida tana ɓarar gyaɗar ƙanenta. Bayan mun gaisa na faɗa mata komai, har da rantsuwar da na ƙi yi. Na shirya wa kuka, na shirya wa zagi. Ba ta ɗaga kai daga kan faifan ba.

"Gara da ba ka rantse ba, Malam," ta ce. "Da gaskiyar Sule na shiga ɗakin aurena. Ba zan koma da ƙaryar ƙanensa ba."

An cire gyaɗa, an yanke dawa, an kai amfani gida. Har ranar da nake wannan rubutu ba wanda ya je ɗauko ta.